Ƙwarya Bakwai Na Sha Don Nafisa

Tun da na dawo ban huta ba. Da safe wannan ta shigo: "Inna Kulu, an ce har kwale-kwale kika shiga?" Da hantsi waccan ta leƙo: "An ce soja ya sara miki?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wadda ta ɗauka sai ta ƙara masa nata kafin ta kai gida. Jiya na ji wai a Anka an ƙara mini ruwa leda uku. Ƙarya ce, ko allura ba a yi mini ba. Shi ya sa na kira malamar Islamiyyar unguwarmu na ce ta zauna da biro, ni in faɗa ita ta rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in yi barcin ranata.

Ni ce Kulu ungozoma ta Nasarawar Burkullu. Ban taɓa zama a aji ba, amma rabin masu yawo da manyan riguna a garin nan ni na yanke musu cibiya, kuma na san waɗanda suka zo duniya da ƙafa.

Dalilin tafiyar jikata ce, Nafisa. Ubanta shi ne ɗana na fari, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, kun dai san wanda nake nufi. A Kaduna yake aiki, can aka haife ta, can ta yi karatun nas. Da ta gama, ita da kanta ta roƙa a turo ta ƙasar kakanninta, aka sa ta cikin masu zagaya ƙauyuka suna duba mata da yara. Zagaye biyu ta yi, sau biyu ta yanke jiki ta faɗi a bakin aiki. Uban ya aiko da saƙo ta bakin ƙanwarsa, don ni da shi ba ma doguwar magana: in ta sake faɗuwa ko sau ɗaya, zai zo da mota ya ɗauke ta, aiki ya ƙare.

Da ta zo gaishe ni kafin zagaye na uku, na ga wuyanta kamar na zabuwa. Ta ce, "Kaka, ina son aikin nan. Amma matan ba sa gaya mini komai. Gari guda, kowa lafiyarta lau. Sai in wuni ina tambaya, in tashi takarda ba komai."

Na ce, "To ke mi kike ci?"

Ta ce, "Ina ci."

Na ɗauko zannuwana uku, da carbi, da hoce, wainar dawar nan tamu, cike da kwano, na ce mu tafi in gani da idona.

Direbansu wani dattijo ne, Malam Bawa, mutum mai ladabi da ƙarancin magana. Ya sa ni gaba, ya jawo bel ya ɗaure ni kamar akuyar da za a kai kasuwa. Inda ƙasar Bukkuyum ta ƙare ta Gummi ta fara muka tarar da shinge, ganguna da buhunan yashi da sojoji. Wani dogo ya leƙo ya ce kowa ya nuna katin shaida. Na juya masa kumatuna na ce, "Ga nawa. Ina kwana bakwai a duniya wanzami ya buga mini shi, kuma bai taɓa ɓata ba." Ya yi dariya har da dafa mota. Nafisa dai ta zaro katina daga jakarta ta miƙa masa. Da za mu wuce ya ɗaga hannu zuwa goshi. Nafisa ta ce ƙuda ya kora. Ni na ce sarawa ce, kuma ni ke zaune a gaba.

A Gummi aka sauke mu ɗakin ma'aikata. Katifar in ka hau sai ta haɗiye ka, na kasa juyawa, na sauko na shimfiɗa zanena a ƙasa. Mutanen Gummi kirki gare su, sai dai ban ga abin da ba sa jefa wa kifi ba. Miyar kuka da kifi, miyar yakuwa da kifi. Na tambayi matar da ta kawo mana abinci ko kununsu ma da ƙaya, ta ce, "Ku mutanen tudu ai hassada ce ke damunku." Na ci nawa na suɗe. Nafisa tana can tana jera magunguna a kwali, ta ce sai ta gama. Da ta gama, tuwo ya sandare.

Kashegari muka nufi wani gari a ƙetaren gulbi. E, na shiga kwale-kwale. Duk surar da na sani na karanta, da suka ƙare na koma farko. Mai tuƙin ya ce, "Inna, ruwan ga iyakarsa ƙugu." Na ce, "Ƙugun wa?"

A cikin gidan mai gari aka tara mata. Nan na fara ganin aikin jikata, kuma wallahi sai da na so in koma cikin kwale-kwalen. Ta yi sallama tana tafiya, ba ta tambayi gajiya ba, ba ta tambayi yara ba, ba ta tambayi damina ba. Ta rufe baki da hanci da ƙyalle, ta zura safar roba a hannu, ta ce a yi layi. Uwargidan mai gari ta kawo mata ruwa da gumba a kwano mai murfi, irin wanda ake ajiye wa baƙon girma, ta durƙusa ta miƙa. Nafisa ta ɗaga gorarta ta ce, "Na gode, ina da nawa." Na ga fuskokin matan nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fara zama sunanta Hassi, a gidan take aure, surukarta na gefe a kan turmi.

"Sunan mijinki?" in ji Nafisa.

Hassi ta dubi ƙasa. "Maigidan."

"E, sunansa."

"Shi dai."

Mata suka fara ƙunshe dariya a mayafi.

"Haihuwarki nawa?"

"Huɗu."

Ni kuwa kallo ɗaya na yi mata na san ta durƙusa sau bakwai. Ta cire na fari don kunya, ta cire biyu da suka koma, don ba a tone su gaban jama'a.

"Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Da ƙarfi, kamar mai tallan gyaɗa, ga suruka zaune.

Hassi ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Me ke damunki?"

"Lafiya lau."

Ƙafafunta kuwa sun kumbura har zoben azurfar yatsarta ya nutse. Nafisa ta ƙirga ƙwayoyi ta miƙa mata da hannun hagu, don bahaguwa ce, a Kaduna ba wanda ya ƙwaɓe ta. Hassi ta karɓa da bakin mayafi kamar an ba ta kunama.

Nan ni ma na yi tawa, kuma tunda na ce gaskiya zan faɗa, a rubuta. Haƙurina ya ƙare na ce, "Ke Nafisa, ba ki da ido? Wagga ai ciki gare ta, ya kai wata huɗu!" Hassi ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki. Ashe ko surukar ba ta sani ba.

Nafisa ta ja ni bayan rumbu, idonta ja. "Kaka, sirrinta ne. Ko na gani, ba ni da ikon faɗa. Yanzu kowa zai ce in an zo wurinmu a kasuwa ake ji."

Shekara nawa ina wannan sana'a, 'yar da na wanke wa uba kashi ita ke mini faɗa. Amma da gaskiyarta. Ban ba Hassi haƙuri ba, na dai bi ta ɗaki da goro biyu na zauna ina yabon jerenta har ta buɗe fuska. Sannan na kira Nafisa, na fita na ja musu labule. A nan ta auna ta, ta ce lalle ta riƙa zuwa awo. Mace ɗaya ke nan muka samu a wuni guda.

A mota na zazzage mata. Na ce baƙon da ya ƙi ruwanka ya gaya maka kai ƙazami ne, to don me za ka buɗe masa cikinka? Ta ce, "Kaka, wadda na gada a aikin nan ruwan wani gari ta sha ta yi wata guda a kwance. In na kwanta wa zai duba su?" Ita ma ba ƙarya ta yi ba. Na yi tunani har muka kusa gari, sannan na ce, "To shi ke nan. Duk abin da anka kawo miki, ni zan sha a madadinki. Cikina ya san ruwan ƙasar ga tun ba a haifi uwarki ba." Malam Bawa ya dube ni ta wutsiyar ido.

Kwana uku muka yi a ƙasar Gummi a haka. Ni in yi gaisuwa, ni in sha, ita ta yi tambaya. Abin ya ɗan yi dama. Amma ci dai babu. Biskit biyu da safe, sai "bari in gama da wannan", sai ga la'asar. In na matsa ta ce, "Kaka, mutanen nan tun asuba suke jira, ta yaya zan zauna ina ci suna kallo?"

Rana ta biyar muka juyo ƙasar Bukkuyum, muka bi hanyar Gwashi. Hanyar nan ba hanya ba ce, sawun shanu ne da mota ke roƙon arziki a kai. Sau biyu muka kafe a yashi. Muka isa wata ruga da hantsi.

In kuna ganin matanmu da zurfin ciki, ba ku zauna da Fulani ba. Namu ko ba komai za su ce "da sauƙi", ka san akwai abin da ya yi sauƙin. Su kuwa "jam" ne kawai, wato lafiya, ko da kibiya a bayansu. Wata mai jego, Dudu, tana zaune ta karkace gefe ɗaya, gumi na tsattsafo mata, jaririn na kuka ta ƙi sa shi a nono ɗaya. Nafisa ta tambaye ta, ta ce jam. Surukarta na tsaye a kanta kamar sandar kiwo. Wannan karon na kama bakina. Na dubi tsohuwar na ce, "Ni kam an ce mini man shanun rugar ga ba ya ƙamshi, wai da na akuya kuke haɗawa." Ta zabura, ta kama hannuna ta ja ni har bukkarta in shinshina da hancina. Na shinshina, na ce ban ji ba, ta buɗe wata ƙwaryar. Kafin in yarda yana ƙamshi, Nafisa ta duba nonon, ta wanke, ta ba da magani, ta ce a kai ta asibiti a fasa ƙurjin.

Sai dai rugar gida bakwai ce, kuma kowane gida sai da ya kawo wa malamar asibiti fura da nono. Ƙwarya bakwai, ba ƙanana ba. Ban ce na shanye duka ba, amma kowacce na yi mata ɓarnar da mai ita za ta ji daɗi. A ta biyar Nafisa ta raɗa mini, "Kaka, nonon nan ba a dafa shi ba, ki bari haka." Na ce mata ta kula da takardarta.

Ba mu yi nisa da rugar ba cikina ya fara kiran sunana. Sau biyar aka tsayar da mota. Allah ya saka wa Malam Bawa, duk tsayawa sai ya fita ya juya baya yana duban sama kamar mai neman wata.

A wani gari kusa da Gwashi muka sauka, gidan malamin allo. Matarsa Gwaggo Tumba, wata gajeriya mai murya kamar ta maza, ita ta karɓe mu. Nafisa ta tafasa ruwa, ta haɗa mini da gishiri da sukari, tana ba ni a ludayi kaɗan-kaɗan. Ban taɓa shan abin da ya kai shi rashin daɗi ba, kuma shi ya tashe ni. Ita kuwa ba ta runtsa ba, ba ta kuma sa komai a bakinta ba.

Da safe mata suka cika tsakar gidan. Aka shimfiɗa mini tabarma a rumfa, ina kwance ina kallo, ba ƙarfin gaisuwa balle na sha. Rana ta take tsaka, Nafisa ta sunkuya za ta ɗora wani yaro a sikeli, sai na ga ta yi luu. Ta zube. Na uku ke nan.

Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi. Gwaggo Tumba ce ta tallabe ta, ta ce a kawo ruwa, ta yayyafa mata, ta fizge ƙyallen fuskar. Sai na ji wata ta ce, "La ilaha! Ashe yarinya ce!" Tun safe ba wadda ta ga fuskarta.

Da ta buɗe ido, Tumba ta ce, "Ɗiyata, yaushe rabonki da tuwo?"

Nafisa ta ce, "Lafiyata lau."

Gidan nan gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Wata ta ce, "Ai ta iya irin tamu!"

Tumba ba ta yi dariya ba. "Kina da ciki?"

"A'a, ban yi aure ba."

"Uwarki na da rai?"

"Tana nan."

"Ta san haka kike yi da kanki?"

Tumba ta sa aka sauke kunun tsamiya daga murhu, yana tafarfasa, ta zuba a ƙoƙo. Na ga Nafisa ta dubi tukunyar, ta dubi wutar, ta dubi tururin. Ta miƙa hannun hagu, ta tuna, ta janye. Tumba ta ce, "Karɓa da wanda Allah ya ba ki, sha dai nike so." Ta sha. Aka ƙara, ta sha. Aka kawo tuwon dawa da zafinsa, ta ci tana zufa, mata sun kewaye ta suna yi mata fifita, kowa na ba da shawara.

Kafin ta wanke hannu wata ta matso ta ce ƙasa-ƙasa, "Malama, in kin huta ina da magana, amma a ɗaki." Bayanta wata. Ranar nan har takardar tambayoyi ta ƙare, aka koma rubutu a bayanta.

Amma aikin gama ya gama. Ashe uban yarinyar ya ba Malam Bawa amana tun kafin mu taso. Ina kwance na hango shi ta kan danga ya hau wani tudu yana ɗaga waya sama yana neman sabis. Da ya dawo ya durƙusa a bakin rumfa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, alkawari na yi. Ya ce gata zai same mu a ƙasar Anka."

Nafisa ta zauna kusa da ni tana hawaye. "Kaka, shi ke nan. Yau da suka fara yi mini magana."

Na ce, "Saura kwana uku. Ki yi su kamar mutum."

Mu uku muka zauna da Tumba muka yanke. Duk abin da ya fito daga wuta da zafinsa za ta ci, na sanyi kuwa ta taɓa kwanon ta sa albarka ta faɗi dalili, ba wadda za ta ji haushi. Da an kira azahar a ajiye biro, ta yi salla, ta ci, ta miƙe ƙafa, ko layi ya kai bakin gari. Tumba ta ce, "Kina tsammani kunyarmu kike ji da ba ki ci? Mu tsoro kike ba mu. Mai magani na rangaji, wa zai yarda da maganinta?" Ni na koya mata tambaya irin tamu. Ba a cewa haihuwa nawa, sai a ce ban da na fari nawa. Sunan miji a tambayi maƙwabciya. Lissafin ciki da azumi da sallar layya ake yi, ba da watannin Bature ba. Ita kuma ta ce daga yau in za ta sa safar roba za ta gaya musu don kada ta kwaso ciwon wata ta kai wa wata ne, ba ƙyama ba. Ni aka yanke mini hukuncin ba fura sai mun koma gida.

A ƙasar Anka muka sauka wani gari kusa da titi, cikin waɗanda gubar dalma ta yi wa ɓarna shekarun baya, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Nan ban yi wa kowa ba'a ba. Nafisa ta zauna a tabarma, ta yi gaisuwa har sai da ni kaina na ce ta isa. Wata doguwar mace mai suna Luba ta shiga ɗaki wurinta, ta ce in zauna, ba ta jin kunyar tsohuwa.

Nafisa ta ce, "Ban da na fari, nawa ke gabanki, nawa suka riga mu?"

Luba ta ce biyu ke gabanta. Uku sun tafi a damina ɗaya. Ta faɗi sunayensu, ta faɗi wanda ya fara tafiya da wanda bai kai ga yaye ba. Ta ce tun da aka kwashe ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa, ana zuwa a ɗebi jinin yara, amma ba wanda ya taɓa tambayarta waɗancan.

Da Luba ta fita Nafisa ta ce a turo ta gaba. Na tare ƙofa. Na ce, "Ni in haihuwa ta zo mini da gardama anka rasa, ba ni fita ɗakin nan in faɗa wani. Sai na yi wanka, na je wurin aminiyata na amayar da abin da na gani, na ci abinci. In ba haka ba, da shi zan taɓa ta gaba." Ta zagaya bayan rumbu ta yi kukanta, ni ina zaune kusa ina jan carbi. Ta wanke fuska, ta ci hoce ɗaya cikin nawa, sannan ta ce a turo.

Labarin faɗuwarta kuwa ya riga mu isowa, ta bakin 'yan kasuwa. Matan garin suka naɗa kansu masu gadinta, Luba ce shugaba.

Rana ta tara, ana idar da sallar azahar, mota ta tsaya a ƙofar gida. Ina zaune a zaure na ga farar shadda da hula ta sha kari. Na juya fuskata bango, kamar yadda na saba. Ya gaishe ni, na amsa wa bangon. Ya nufi ƙofar cikin gida, sai ga Luba tsaye da taɓarya, daka take yi.

"Malam, ina zuwa?"

"Wurin Nafisa."

"Malama na cin tuwo. Ba a shiga."

"Ni ne ubanta."

"Ko kakanta ne. In ta gama za ta miƙe ƙafa, sannan. In ciwo ya kawo ka, ga benci can."

Mutumin da aka ce a ofis ɗinsu har tashi ake yi in ya shigo, ya zauna a benci tsakanin wani mai ciwon haƙori da wani tsoho mai tari. Na cusa bakin mayafi a baki don kada bangon ya ji dariyata.

Da ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi hanya, ta tambayi uwarta da ƙannenta, ta kawo masa ruwa daga gorarta. Sannan ta ce, "Baba, na faɗi, gaskiya ne. Ba aikin ya kayar da ni ba, ni ce ba na ci ba na barci."

Ya ce, "Ɗauko jakarki."

Ta ce to. Ba ta tashi ba, tana kallon yadda yake matsa goshinsa. "Baba, me ka ci yau?"

Ashe tun jiya ya taso, a hanya ya kwana, shayi kawai ya sha. Ta ce ya shigo ɗaki ta auna shi kafin su kama hanya. Abin da ta gani ba zan faɗa ba, an koya mini riƙe sirrin maras lafiya. Zan dai ce an hana shi gishiri, an kuma ce ba zai tuƙa mota ranar ba.

Luba ta dire masa tuwo, aka ba shi tabarma a zaure. Nan ya wuni, yana ganin mata na shiga ɗaki da fuska a ɗaure suna fitowa suna gyara goyo suna cewa Allah ya yi wa malama albarka. Wata tsohuwa da ba ta san ko shi wane ne ba ta zauna ta ba shi labari kaf, wai an kawo musu malamar asibiti mai cin tuwonsu, ko a Anka babu irinta.

Bayan la'asar ya yi gyaran murya, ya dubi rufin zaure ya ce, "Da za a tambayi tsohuwa abin da ta gani."

Na dubi bangona na ce, "A gaya mishi yunwa ta kada yarinyar ga, kuma ta koyi ci, ga shaidu cike da gari. In anka ɗauke ta daga nan, baƙin ciki zai kada ta, shi kuwa kunu ba ya tada wanda ya kayar."

Da safe ya kira Nafisa gaban Malam Bawa ya ce ya janye maganarsa, da sharaɗi ɗaya: kowace Juma'a ba aiki, ta zo gidana ta kwana ta wuni, kuma in ta tsallake ɗaya zai ji. Malam Bawa ya sunkuyar da kai, don kowa ya san ta bakin wa zai ji.

Jakar da aka sa a bayan motar nan tawa ce. Ya zo ɗaukar 'yarsa, ya ɓuge da ɗaukar uwarsa, daga ƙasar Anka har ƙofar gidana, shi yana kallon hanya ni ina kallon gonaki, ba wanda ya ce uffan sai da muka zo wani shingen, soja ya tambayi kati na juya masa kumatuna.

Iyakar abin da ya faru ke nan, wadda ta ji ƙari ba daga bakina ba ne. Sai abu ɗaya. Na ga tun da aka ji Nafisa na zuwa ran Juma'a, wasunku sun fara shigowa gaishe ni da ciwon baya da yaro mai zazzaɓi a goye. Asibiti na nan inda kuka san shi. Ran Juma'a barci take yi, kuma ni ce a bakin ƙofa.